Zanen Kan Dutse: Aikin Gayya da Waya da Kwamfuta

(Taken shiri)

Masu sauraronmu na birnin Katsina da kewaye, barkanmu da warhaka. Na Ƙofar Soro, na Ƙofar Ƙaura, na Ƙofar Marusa, na Ƙofar Guga, muna gaishe ku. Waɗanda ke kama mu daga Daura, Mani, Dutsin-Ma, Jibiya har Maraɗi, sannunku da zuwa wannan shiri na faɗakarwa.

Yau maganar duwatsu za mu yi, duwatsun da ke ɗauke da zane. Zanen da mutanen zamanin da suka yi tun kafin alƙalami da tawada su iso ƙasar nan. Za mu ji yadda ake ɗaukar wannan zane da kyamara da wayar hannu, a adana shi a kwamfuta, a yi nazarinsa. Kuma za mu ji dalilin da ya sa aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, komai iliminsa.

Shirin namu kashi huɗu ne. Na farko, mene ne zanen dutse, kuma ina yake? Na biyu, me ke cinye shi? Na uku, yaya ake ɗaukarsa? Na huɗu, wa ke yin aikin, kuma ina rabonmu a ciki? Ku gyara zama.

(Kiɗa kaɗan)

Ga kashi na farko. Mene ne zanen dutse?

Iri biyu ne. Akwai na shafe, wanda aka yi da launi, kamar jar ƙasa da farar ƙasa da gawayi. Akwai na sassaƙa, wanda aka kankare jikin dutsen ko aka ƙwanƙwasa shi har siffa ta fito. Na shafe da na sassaƙa. Ku riƙe waɗannan biyun.

Ba sai mun yi nisa ba kafin mu gan shi. Idan ka bar Katsina ka shiga Kano, ka wuce Wudil, za ka isa Birnin Kudu a Jihar Jigawa. A can akwai Dutsen Habude, da Dutsen Mesa, da Dutsen Murufu. A ƙarƙashin inuwar waɗannan duwatsu akwai zanen shanu, wasu da ja, wasu da fari, wasu da baƙi. Cikin shekarun 1950 wani masanin tarihin ƙasa ɗan Ingila, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, ya je ya yi nazarinsu. Yau suna cikin wuraren tarihi da gwamnatin tarayya ta ba kariya, kuma hukumar gidajen tarihi ta ƙasa tana da cibiya a garin domin su.

To, Malam makiyayi, ga abin da zai ja hankalinka. Shanun da aka zana a Birnin Kudu ba su da tozo. Wasu masu dogon ƙaho ne, wasu masu gajere, amma bayansu shimfiɗe yake. Ka je kara ranar kasuwa ka duba shanunmu na yau. Kusan kowace da tozonta. Shanu marasa tozo sai ka gangara Tafkin Chadi wajen shanun Kuri, ko ka nausa kudu wajen muturu. Ashe dutsen yana ba mu labarin wani zamani da garken ƙasar nan ya sha bamban da na yau. Wannan labari babu shi a littafi. A jikin dutse aka bar shi.

A Birnin Kudun dai akwai duwatsun kiɗa. Ka ɗauki ƙaramin dutse ka buga, sai su yi amo kamar ƙarfe. Wuraren da aka daɗe ana bugawa sun lotsa, sun yi sulɓi. An rubuta cewa a da amare kan je wajen lokacin biki, yara na ta kiɗa da wasan sulu.

A Jihar Bauchi ma akwai. Akwai Dutsen Zane a Geji, mai siffofin shanu da namun daji da mutane. Akwai kuma zanen ƙasar Shira.

Yanzu mu juya arewa, hanyar da ayarin Buzaye ke bi su kawo mana gishiri da dabino. A ƙasar Azbin, arewa da Agadas a kan hanyar Arlit, akwai wani wuri da ake kira Dabous. A saman wani dutse a can an sassaƙa raƙuman dawa biyu, babba da ƙarami. Babban ya haura mita 5. An fito da zanen fatarsa dalla-dalla, tabo bayan tabo. Daga bakin kowannensu wani layi ya sauko zuwa ga siffar ɗan ƙaramin mutum. Masana sun ƙiyasta shekarunsu tsakanin 6,000 zuwa 8,000. A duwatsun da ke kewaye kuma an ƙirga zane sama da 800.

Za ku ce, raƙumin dawa a hamada? Me zai ci? To ai nan darasin yake. A wancan zamani Sahara kore take shar. Akwai tafkuna, akwai ciyawa, akwai giwa da dorina da kada. Kimanin shekaru 5,000 da suka wuce ne ruwan ya ja baya, rairayi ya mamaye. A Tassili da ke ƙasar Aljeriya an ƙirga zane sama da 15,000, da yawansu na shanu da makiyaya. Mu da muke ganin hamada na matsowa ta Daura da Jibiya, wannan labari ya shafe mu kai tsaye.

(Kiɗa kaɗan)

Masu sauraro, mun shigo kashi na biyu. Me ke cinye zanen dutse?

Da farko akwai na Allah. Rana, ruwan sama, iskar hunturu mai ɗauke da yashi. Zafi da sanyi na sa fuskar dutse ta ɓamɓare. Zanzaro na gina ɗakinsa a kan launi. Waɗannan a hankali suke ɓarna, shekara da shekaru.

Amma ɓarnar da ta fi sauri daga hannunmu take fitowa.

Ga matashi ya je yawon sallah da abokansa. Ya ga dutse mai kyau. Ya ɗauko gawayi ko fenti ya rubuta sunansa da na budurwarsa. A minti biyu ya rufe abin da ya shekara ɗaruruwa.

Ga mafarauci ko makiyayi ya fake a kogo da sanyi. Ya hura wuta. Hayaƙi ya turnuƙe rufin, zane ya koma baƙi ƙirin.

Ga baƙo ya zo ɗaukar hoto. Ya ga launin ya dushe. Ya watsa masa ruwan leda don ya fito sosai. Launin zai fito na ɗan lokaci, amma ruwan na narkar da shi, yana jawo gishirin cikin dutse ya rufe shi.

Ga kuma masu fasa dutse. Gini na bunƙasa, kowa na neman tsakuwa. Nakiya ɗaya ta isa ta mayar da tarihin gari tarin tsakuwa a bayan tifa. Su ma abinci suke nema, sau da yawa ba su ma san abin da ke jikin dutsen ba.

Wannan ba ƙasarmu kaɗai ba. A shekarar 2009, a duwatsun Akakus na ƙasar Libiya, an fesa wa tsofaffin zane fenti da gangan, aka lalata wurare da dama. A Faransa kuwa, kogon Lascaux da wasu samari suka gano a 1940, dole aka rufe shi a 1963, saboda numfashin dubban maziyarta ya fara ɓata zanen.

Ku lura da wannan. Zanen dutse ba shi da na biyu. In ya tafi, ya tafi. Shi ya sa ake gaggawar ɗaukarsa tun yana nan.

(Kiɗa kaɗan)

Ga mu a kashi na uku. Yaya ake ɗaukar zanen dutse?

A da, mai bincike kan ɗora takarda a kan zanen ya bi shi da fensir. Wasu har alli suke goga wa layin don ya fito a hoto. An daina wannan, domin taɓawa ce, taɓawa kuwa ɓarna ce. Ƙa'idar yau guda ce: a ɗauka ba tare da an taɓa ba.

Dabaru uku zan faɗa muku.

Dabara ta farko ita ce hoto mai kyau, tare da ma'auni. Ana riƙe ɗan abin awo kusa da zanen, ba tare da an manna shi a kai ba, don mai kallo ya san girman abin. Ana ɗaukar hoto daga nesa a ga dutsen duka, sannan a matso a ɗauki zanen, sannan a ƙara matsowa a ɗauki sassansa. In na sassaƙa ne, a zo da sassafe ko da la'asar sakaliya. A lokacin hasken rana na zuwa ta gefe, inuwa na faɗawa cikin layin, siffa ta fito fili. Wayar kuma tana iya rubuta daidai inda aka tsaya, ta hanyar tauraron ɗan adam.

Dabara ta biyu sunanta fotogirametiri. Kada sunan ya firgita ku. Ma'anarsa awo ta hanyar hoto. Alhaji, ka tuna yadda kake sayen ragon layya. Ba ka tsayawa wuri ɗaya. Kana zagaya shi, ka duba gaba, ka duba gefe, ka duba baya, har siffarsa ta zauna maka a zuciya. Haka mai ɗaukar hoto ke zagaya dutse. Ya ɗauka, ya yi taku ɗaya, ya sake ɗauka. Kowane hoto ya haɗa da kusan kashi biyu cikin uku na wanda ya gabace shi. Hotuna su kai hamsin, ɗari, ko fiye. Sai a zuba su a kwamfuta. Ita kuma ta nemo tabon da ya bayyana a hotuna da yawa, ta lissafa nisansa, ta haɗa su. Abin da zai fito shi ne dutsen da kansa a kan allo, da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa. Ka juya shi da yatsa. Ka matso da shi. Ka auna zurfin layi. Ɗalibi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa zai iya nazarin dutsen da ke Azbin yana zaune a ɗakin karatu.

Dabara ta uku ta tayar da launin da ya dushe ce. Akwai wata manhaja mai suna DStretch, wadda wani Ba'amurke, Jon Harman, ya fitar a 2005. Asalin dabarar ta masu nazarin hotunan tauraron ɗan adam ce. Ka ɗauki hoton dutsen da idonka ba ya ganin komai sai ɗan ja-ja. Manhajar ta ware launukan, ta ƙara musu ƙarfi. Sai ga saniya ta bayyana, ga ƙaho, ga mutum a bayanta. Yanzu har a waya ana samun ta. Ka ga ke nan babu sauran dalilin watsa wa zane ruwa.

Mu maimaita. Hoto da ma'auni. Zagaya dutse da hotuna masu yawa. Tayar da launi a kwamfuta. Duka ukun babu taɓawa.

Wani zai tambaya, to mene ne amfanin duk wannan? Amfaninsa uku. Na ɗaya, in dutse ya lalace, siffarsa na nan. Na biyu, ana iya gwada hoton bana da na shekaru biyar baya, a ga inda ɓarna ta fara, a tare ta da wuri. Na uku, shaida ce a kan ɓarayi. Ga misali daga Jihar Kuros Riba. A yankin Ikom akwai sassaƙaƙƙun duwatsu masu siffar mutane, kuma an sace da yawa an fitar waje. Daga 2016 wata gidauniya ta birnin Madrid mai suna Factum ta shiga ɗaukar waɗanda suka rage tare da masanan Najeriya. Da irin wannan aiki aka tabbatar cewa rabin wani dutse da ke wani babban gidan tarihi a birnin New York, ɗaya rabin nasa na nan a ƙauyensu. Karayar ta dace da karaya.

(Kiɗa kaɗan)

Jama'a, ga kashi na huɗu, kuma shi ne zuciyar shirin. Wa ke yin wannan aiki?

Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan aikin gayya ne, kuma ga yadda ya gudana a wasu wurare.

A 1996 wani mai ɗaukar hoto, David Coulson, ya kafa wata ƙungiya a Nairobi ta ƙasar Kenya, mai suna TARA, don kula da zanen duwatsun Afirka. Sun zagaya ƙasashe da yawa suna ɗauka. Daga 2013 Gidan Tarihi na Birtaniya da ke Landan ya karɓi hotunansu kimanin 25,000, ya tsara su, ya sa su a intanet kyauta. Har da na Najeriya da Nijar a ciki. Duk mai waya da data zai iya gani.

A Dabous, cikin 1999, an ɗauki zubin raƙuman dawan nan, aka ƙera kwafinsu. Ɗaya na tsaye a filin jirgin saman Agadas. Amma abin da ya fi kwafin muhimmanci shi ne, an haƙa rijiya kusa da wurin, Buzayen yankin suka zama masu gadi da rakiyar baƙi. Masu wuri su ne masu tsaro.

A nan gida kuma, ƙungiyar TARA da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun haɗa hannu kan zanen duwatsun Najeriya, har aka buɗe baje koli a gidan tarihi na Legas a 2021.

To ku duba jerin masu hannu a ciki. Akwai masani na jami'a, shi ya san yadda ake tantance zamani da salo. Akwai ma'aikacin gidan tarihi, shi ke riƙe da doka da rajista. Akwai matashi mai kwamfuta, shi ke haɗa hotuna. Amma kafin dukkansu akwai wanda ya san hanya. Makiyayin da ke fakewa a inuwar dutsen. Mafaraucin da ya san kowane kogo. Matar da ke itace a gindinsa. Dattijon da ya ji labarin wurin daga bakin kakarsa. Baƙo ba ya gano dutse shi kaɗai. Nuna masa ake yi. Ɗan gari ne ya fara sani.

Shi ya sa nake cewa, rajistar da babu muryar mutanen gari a cikinta ragaggiya ce. Kwamfuta za ta auna zurfin layi, amma ba za ta gaya maka sunan dutsen ba. Ba za ta gaya maka cewa amare na zuwa nan ba, ko wane amo ake bugawa. Wannan sai Baba da Inna. A zauna da su, a nemi izininsu, a naɗi maganarsu da Hausa ko Fulatanci ko Buzanci, a ajiye ta tare da hoton. Kuma a rubuta sunan wanda ya nuna hanya, in ya yarda, kamar yadda ake rubuta na farfesa.

Akwai wani haƙƙi kuma. Abin da aka ɗauka a wurinmu, kwafinsa ya zauna a wurinmu. Mu Katsinawa mun ga misali. Kayan da aka tono a kaburburan Durɓi ta Kusheyi da ke ƙasar Mani a 1992, an kai su Jamus an gyara, aka dawo da su a 2014. Sun yi doguwar tafiya kafin 'ya'yanmu su gan su. Hoton kwamfuta ba ya bukatar jirgi. Ana iya ajiye shi a Landan, a Zariya, a Katsina, da fadar hakimi, duk a rana ɗaya. Don haka duk mai binciken da ya zo, a karɓe shi hannu bibbiyu, a kuma tambaye shi cikin mutunci: ina namu kwafin?

Na san akwai mai cewa a ransa, Malam, wannan ba kayan maguzanci ba ne? Tambaya ce mai kyau. Babu wanda ya ce a girmama dutse ko a roƙe shi. Shaida muke adanawa, irin wadda ke nuna yadda mutanen zamanin da suka rayu, me suka kiwata, yaya ƙasa ta sauya a kansu. Addininmu ya kwaɗaitar da mu duba abin da magabata suka bari domin mu ɗauki darasi. Hasumiyar Gobarau da ganuwar Katsina ma ai don tarihi muke kula da su.

Yanzu ga rabonka, ga rabonki. Ƙasar Katsina ƙasar duwatsu ce, daga Dutsin-Ma har Funtuwa. In ka ci karo da zane ko sassaƙa ko dutsen kiɗa, ga abubuwa biyar.

Ɗaya. Kada ka taɓa, kada ka jiƙa, kada ka goge, kada ka hura wuta kusa.

Biyu. Ɗauki hoto, na nesa da na kusa. Riƙe wani abu da aka san girmansa a gefe, ko da biro ne.

Uku. Tambayi manya sunan dutsen da labarinsa. Rubuta, ko ka naɗa a waya da izininsu.

Huɗu. Sanar da mai unguwa ko dagaci, sannan a kai labari gidan tarihi na ƙasa da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, ko sashen tarihi na jami'a mafi kusa. In za ka tura hoto ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, domin turawar yau da kullum na rage masa kyau.

Biyar. Kada ka baza ainihin inda wurin yake a Facebook. Ba kowa ne mai kallo da kyakkyawar niyya ba.

Sai gargaɗi, kuma da babbar murya. Mun san halin da wasu dazuzzukanmu ke ciki. Kada kowa ya shiga inda babu tsaro saboda hoto. Rai ya fi komai. In ka san wurin tun da can, faɗin sunansa da kwatancensa ma babbar gudummawa ce.

Malaman makaranta, ku buɗe wa ɗalibanku waɗannan hotuna a intanet, ku nuna musu shanun Birnin Kudu da raƙuman dawan Azbin. Matasa masu iya waya, ga fagen da basirarku za ta yi amfani. Iyayenmu sarakuna da hakimai, kafin a ba da izinin fasa dutse, a tura wanda zai zagaya shi ya duba.

Mu tattara abin da muka ji. Zanen dutse iri biyu ne, na shafe da na sassaƙa. Yana kusa da mu, a Birnin Kudu, a Geji, a Shira, a Azbin. Hannun mutum ya fi rana da ruwa saurin ɓata shi. Ana ɗaukarsa yau ba tare da an taɓa shi ba. Kuma aikin na gayya ne, da masani, da matashi mai waya, da ɗan garin da ya san hanya.

A nan za mu dasa aya. Wanda ya san wani dutse mai zane a ƙasarsu, ya fara da gaya wa mai unguwarsa a wannan mako. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu ikon riƙe amana. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba.

(Taken rufewa)